Ruwa ko zuciya? Tarihin «sake haihuwa» a addinin Kirista

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata lakol ta karkarar Maraɗi, mu shida ne malamai, biyu daga cikinmu Kiristoci. Ɗaya ɗan Katolika ne, kakanninsa sun zo daga Dahome tun zamanin Faransa suna aikin gomnati. Ɗayan Bahaushe ne, kakansa ya shiga addinin a hannun ƴan mishan na Tsibiri. Wata rana da la'asar muna shan shayi a gindin bedi, ɗan Katolikan ya tashi ya tafi gida, sai na ce wa ɗayan: «Mushe, ka yi sa'a, ga ɗan'uwanka a addini a wannan daji.» Ya kurɓi shayinsa ya ce: «Mutumin kirki ne, amma ba a sake haihuwarsa ba tukuna.» Washegari na tsegunta wa wancan, abin da na san ban kyauta ba. Bai ko ɗaga kai daga littattafan yara da yake gyarawa ba, ya ce: «An sake haihuwata ina da wata biyu a duniya. Takardar tana nan a majami'armu ta Yamai.»

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin tsiyar abokan aiki. Sai da na yi karance-karance na gane cewa kowannensu ya faɗi ainihin koyarwar ɗarikarsa, kuma gardamar da suka yi a kaina ta girmi ƙasarmu da ƙarnuka masu yawa. Har rai an rasa a kanta.

Bari in fara kawar da wani ruɗani, don na sha jin sa a bakin mutane. Sake haihuwar da Kirista ke nufi ba ta da alaƙa da camfin ɗan wabi, yaron da ake cewa yana mutuwa yana komowa cikin uwarsa, ko abin da muke gani a fina-finan Indiya inda jarumi zai mutu a dawo da shi a wani gida. A addinin Kirista sau ɗaya ake mutuwa, daga nan sai hisabi. Maganar ta mutum ce mai rai, wanda aka ce an sabunta shi daga ciki. Tsofaffin Kiristocin Hausa suna cewa «maya haihuwa», na yanzu sun fi cewa «sake haihuwa» ko «sabuwar haihuwa».

Tushen maganar yana cikin sura ta uku ta Bisharar Yohanna, littafin da masana suka fi karkata ga cewa an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko, da harshen Girka. Labarin wani babban malamin Yahudawa ne, Nikodimu, Bafarisiye kuma ɗan majalisarsu, wanda ya je wurin Yesu (wanda mu Musulmi muke kira Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi) da dare. Aka gaya masa cewa ba mai ganin mulkin Allah sai an haife shi wani karo. Dattijon ya ɗauki maganar a zahirinta, ya tambaya yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Akwai wasan kalma a nan da fassara ke kashewa. Kalmar Girkancin da aka yi amfani da ita, «anoten», tana nufin «kuma», tana kuma nufin «daga sama». Nikodimu ya ji ta farko, mai maganar yana nufin har da ta biyu. Duk mai fassara sai ya zaɓi ɗaya ya sa ɗayar a gefen shafi. Haka kuma kalmar da ke nufin «ruhu» ita ce ke nufin «iska», shi ya sa aka ba shi misali da iska, wadda ake jin motsinta ba a san inda ta fito ba. A tsakiyar amsar aka ce wannan haihuwa ta ruwa ce da Ruhu. Waɗannan kalmomi biyu su ne abokan aikina suka raba, kowa ya ɗauki ɗaya.

Me ya sa haihuwa, ba tuba kawai ba? A nan ne mai karatu Musulmi ya kamata ya tsaya, don nan hanyoyin suka rabu. A wurinmu jariri yana zuwa duniya a kan fiɗira, ba ya ɗauke da laifin kowa, kuma Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa. Akwai ma hadisin da ya kwatanta mai aikin Hajji karɓaɓɓe da jaririn da aka haifa a ranar, wato komawa ga tsarkin farko. Yawancin Kiristoci, musamman na Yamma, ba su yarda akwai wani tsarkin farko da za a koma masa ba. A ganinsu saɓon Adamu ya lalata ɗabi'ar zuriyarsa gaba ɗaya, kamar rijiyar da ta gurɓace tun daga idonta, kome yawan yasa ruwan ba zai gyaru ba. Mutum yana buƙatar wata rayuwa dabam da za a ba shi, ta dalilin mutuwar Almasihu da tashinsa kamar yadda suka yi imani. Kuma hikimar misalin ita ce babu wanda ya taɓa haifar kansa. Tuba aikin bawa ne, haihuwa kuwa yi wa mutum ake yi. A kan wannan dukkansu sun yarda. Tambayar da ta raba su ita ce: yaushe abin ke faruwa, kuma ta yaya za a sani?

Kiristocin farko ba su yi wata-wata ba, sun ce a cikin ruwan baftisma ne. Wajen shekara ta 155 wani malami mai suna Jastin ya rubuta wa sarkin Rum littafin kare addininsa, ya bayyana yadda ake kai sabbin masu bi inda ruwa yake a sake haihuwarsu, ya kuma kafa hujja da maganar da aka yi wa Nikodimu. Shekaru kamar goma bayan haka aka fille masa kai saboda addinin. Wannan ya nuna irin zamanin. Shiga ruwan nan yana iya jawo wa mutum kisa, don haka ba mai shigarsa da wasa. Mai son shiga sai ya yi zaman koyo, a wasu wurare har shekara uku, ana duba sana'arsa da halinsa. A daren Ista yakan tuɓe tufafinsa, a nutsar da shi sau uku, ya fito a ba shi madara da zuma kamar jariri, daga baya kuma aka ƙara al'adar farar riga. A irin wannan hali ruwa da zuciya tafiyarsu ɗaya, babu dalilin tambayar wanne ne ke haifarwa.

Matsala ta fara da yara. Iyayen da suka shiga da girmansu sun haifi ƴaƴa, to su fa? Abin sha'awa, a nan Afirka aka fi tafka wannan muhawara. Tartuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 200 cewa gara a jinkirta wa yara har su san abin da suke nema. Bayan shekara hamsin da ɗoriya, taron bishof-bishof 66 ƙarƙashin Sifiriyan, a wannan birni dai, ya yanke cewa ko kwana takwas ba sai an jira ba. Wasu manya kuma suka bi wata dabara: tunda ruwan yana wanke dukkan zunubi kuma sau ɗaya ake yi, sai su ajiye shi sai ƙarshen rayuwa. Sarki Kustantin, wanda ya halatta addinin a daular Rum a 313, bai karɓi baftisma ba sai a gadon mutuwarsa a 337. Mai mulki ya san akwai sauran aika-aika a gabansa.

Wanda ya rufe wannan ƙofa shi ne Agustin, haifaffen Tagast, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya, a 354. Labarinsa yana ba ni mamaki kullum. Shi ne mai labarin juyowar zuciya mafi shahara a tarihin Kirista: malamin balaga mai son duniya, wanda ya yi shekaru yana kokawa da kansa, har wata rana a 386 a wani lambu a birnin Milan ya fashe da kuka, ya buɗe wasiƙun Bulus, ya tashi wani mutum dabam. Aka yi masa baftisma a Istar 387 yana da shekara 32. Da ka ce wannan mutum zai tsaya a kan cewa sai babba mai hankali. Ina! Da ya zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yau, ya yi gardama da wani malami mai suna Pelajiyus wanda ke cewa jariri ba shi da laifi. Agustin ya ce in haka ne, don me uwaye ke gudu da jariransu zuwa majami'a? Ya kafe a kan cewa zunubin asali yana kan kowane jariri, kuma ruwan ne ke ɗauke shi. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayansa. A tunaninsa babu saɓani, don jaririn da bai iya komai ba shi ne hujja mafi ƙarfi cewa haihuwar kyauta ce daga Allah.

Daga nan har shekara dubu, a Turai kusan duk wanda aka haifa an «sake haihuwarsa» tun yana jariri, kuma saboda yawan mutuwar jarirai har ungozoma aka yarje wa ta yi in ta ga yaro ba zai kai ba. Baftisma ta zama ƙofar shiga al'umma. A Faransa, dokar sarki ta 1539 ta umarci limaman majami'u su riƙa rubuta kowace baftisma a rajista, kuma wannan rajista ita ce shaidar haihuwar mutum har 1792, lokacin da juyin juya hali ya mayar da aikin hannun magadan gari. Takardar haihuwar nan da muke fama da iyaye su kawo kafin jarrabawa, jikar waccan rajista ce. Amma sakamakon a fili yake: ƙasa guda cur an sake haihuwarta, da ɓarayinta da mashayanta da azzaluman sarakunanta. Dole wata rana wani ya tambaya ina sabuwar rayuwar take.

Martin Luther, da ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, ya rushe abubuwa da yawa amma bai taɓa baftismar jarirai ba. Wasu matasa a birnin Zurik na ƙasar Suwis su ne suka ce gyaran bai kai ba. Ranar 21 ga Janairu 1525 suka taru a gidan Felix Manz, Conrad Grebel ya zuba wa George Blaurock ruwa, shi kuma ya zuba wa sauran. Dukkansu an yi musu suna jarirai, amma suka ce wancan wanka ne kawai tunda babu bangaskiya a ciki. Hukumar gari, wadda ita ma ta ƴan gyara ce ba Katolika ba, ta ɗauki abin a matsayin tawaye, don wanda ya ƙi rajistar majami'a ya ƙi rajistar gari. Ranar 5 ga Janairu 1527 aka ɗaure Manz hannu da ƙafa aka jefa shi kogin Limmat. An zaɓi ruwa da gangan. A 1529 majalisar daular Jamus ta sa hukuncin kisa a kan sake baftisma, Katolika da mabiya Luther suka haɗu a kan haka, aka kashe dubbai a shekarun da suka biyo.

Tunanin bai nutse tare da Manz ba, sai dai ya canza kama. Mutanen da suka biyo baya da yawa ba su damu da sake shiga ruwa ba, abin da suka nema shi ne mutum ya iya ba da labarin abin da ya faru a zuciyarsa. A Jamus, Philipp Spener ya fitar da littafinsa a 1675 yana kira a kafa ƙananan ƙungiyoyin karatu da addu'a a gidaje. Turawan Ingila masu tsananin addini da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun kafa doka cewa ba mai zama cikakken ɗan majami'a sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi yadda Allah ya juya shi. Cikin tsara ɗaya suka faɗa ramin da Kartaj ta faɗa: ƴaƴansu sun girma cikin ladabi, suna zuwa sujada, amma ba su da labarin da za su bayar. A 1662 dole aka ƙirƙiro musu matsayin rabi da rabi don a samu a yi wa jikoki baftisma. Ashe abin da aka ce ba a gadonsa, iyaye ba su daina son gadar da shi ba.

Sai ƙarni na 18, wanda a ganina shi ya haifi ma'anar da abokina Bahaushe ke nufi. John Wesley limami ne na majami'ar Ingila, ɗan limami, mai azumi da ziyarar fursuna, har ya je wa'azi Amurka ya dawo. Duk da haka ya ce bai da tabbacin an gafarta masa. Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ana karanta wani rubutun Luther, ya ji zuciyarsa ta yi wani irin ɗumi, ya tabbata. Ya rubuta har da lokacin, tara saura kwata na dare. Ka lura da wannan, haihuwar ta samu rana da sa'a, kamar ta asibiti. Abokinsa George Whitefield ya fitar da maganar daga majami'a zuwa fili, ya fara da masu haƙar gawayi kusa da Bristol a 1739, ya je Amurka sau bakwai, kusan kullum wa'azinsa ɗaya: dole a sake haihuwarka, ko kai bishof ne. Limamai da yawa suka rufe masa ƙofofinsu, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don mutum ne ya zo yana gaya wa jama'arsu cewa mai yiwuwa limaminsu ma bai zama Kirista ba.

Waɗanda suka biyo bayansu a Amurka sun mai da abin tsari. Charles Finney a shekarun 1830 ya ajiye benci a gaba don masu damuwa da ransu su fito su zauna. Billy Graham a ƙarni na 20 ya cika filayen ƙwallo, a ƙarshe ya kira mutane su sauko su yanke shawara. A nan akwai abin dariya kaɗan: misalin da aka kawo don a nuna mutum ba ya haifar kansa ya koma abin da mutum ke yi da ƙafarsa cikin minti biyar, kuma mabiya Calvin na gaske ba su daina ƙorafi a kan haka ba. A 1976 kalmar ta shiga siyasa, da Jimmy Carter ya ce shi an sake haihuwarsa ya kuma ci zaɓe, a shekarar da Charles Colson, na hannun daman Nixon da ya yi zaman kurkuku a badaƙalar Watergate, ya fitar da littafin tubarsa. Binciken Gallup na shekarar ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na Amurkawa suna faɗin haka game da kansu.

To ina ruwan Maraɗi? Ruwanta shi ne ƴan mishan ɗin da suka fara zama a ƙasar Hausa ta Nijar daga wannan reshe suka fito. Ƙungiyar SIM ta samo asali a 1893, da samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyun farko sun mutu cikin shekara guda. Magadansu sun buɗe tasha a Damagaram a 1924, sai Tsibiri kafin ƙarshen shekarun 1920, sai asibitin Galmi a 1950. Ba su yi wa jarirai baftisma. Babba ma sai an daɗe ana duban rayuwarsa, an ji shaidarsa, kuma mai mata fiye da ɗaya ya gamu da babban shinge. Da Hausa suka yi aikinsu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, kuma kalmar da ta zauna a bakin jama'a ga wanda ya bi su ita ce «ya tuba», kalmar da ba ta ɗauke da dukkan abin da su suke nufi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda fifita ceton rai a kan komai ya sa mishan ɗin ya yi sanyin jiki wajen ilimin boko na Faransanci, abin da ya daɗe yana ci wa mabiyansa tuwo a ƙwarya. Katolika kuwa, da suka zauna Yamai tun farkon shekarun 1930, makarantu suka sa gaba. Duk wanda ya san tarihin lakol a ƙasar nan ya ga bambancin.

Daga baya sandar da ƴan mishan suka doki wasu da ita ta dawo kan jikokinsu. Bayan yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, wata farkawa ta tashi a jami'o'i da makarantun kudu. Benson Idahosa a birnin Benin, William Kumuyi da ya fara ajin nazarin Littafi a Legas a 1973, da wasunsu, suka tara matasan da ake kira ƴan «bon-agen». Sun ƙara wani mataki da suka gada daga ƴan Fentikos: bayan sake haihuwa akwai cikawa da Ruhu, da magana da wasu harsuna, da warkarwa. Na farkonsu masu tsanani ne, har wanda ya taɓa sata sai ya mayar da abin, kafin wa'azin arziki ya zo ya rinjayi da yawa. Da aka buɗe fagen ƙungiyoyi da gidajen rediyo masu zaman kansu a Nijar bayan taron ƙasa na 1991, wannan guguwa ta ƙetaro iyaka da ƙarfi, ta tarar da majami'un EERN cike da jikokin tubabbun farko, ta ce musu addinin gado bai isa ba. Wanda ya ga yadda samarin Izala suka tsaya gaban iyayensu a waɗannan shekaru dai, a waɗannan unguwanni dai, zai gane yanayin ko da bai san ayar ko ɗaya ba.

In an tambaye ni, a matsayin na waje, kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya saki. Mai cewa ruwa ne yana da tabbacin da bai dogara da yadda ya tashi da safe ba, amma yana iya rayuwa har ya mutu takardar tana cikin akwati ba ta taɓa halinsa ba. Mai cewa zuciya ce ya ɗauki addininsa da gaske, amma ya ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyu nauyin neman wani abu a ransa da zai faɗa wa dattawa, kuma na ga yaran da suka ƙago labarin don a ƙyale su. Ya kuma buɗe ƙofar da mutum zai dubi maƙwabcinsa ya yanke masa hukunci a kan abin da ba ya gani. Katolika a yau suna karɓar baftismar yawancin sauran ɗariku, ba sa sakewa. Da yawa daga cikin waɗancan kuwa, in ɗan Katolika ya koma wurinsu, sai ya sake shiga ruwa. Duk wannan a cikin jama'ar da ƙidayar 2012 ta ce ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƴan ƙasa ba, kuma waɗanda suka cinna wa majami'u wuta a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba su tsaya tambayar ta wace ɗarika ce ba.

Abokan nawa biyu an daɗe da raba mu, kowa da inda aka tura shi. Bara Bahaushen ya kira ni ya ce za a yi wa babban ɗansa baftisma, yana da shekara goma sha bakwai, shi ya nema da bakinsa. A wani kwarmin siminti aka yi a bayan majami'arsu. Ni ban shiga ba, na je gida cin tuwo bayan an tashi, sai ga ɗan Katolikan zaune a kan tabarma, ya kwana a mota daga Yamai. Na tambaye shi yadda ya ga abin. Ya waiga ya tabbata mai gidan ya shiga ciki, sannan ya ce: «An yi daidai, da sunan da ya kamata. Sun dai sa yaron ya jira shekara goma sha bakwai a banza.»